Kakana ya rasu a yaƙin Bama yana saurayi, ta ina zan fara neman tarihinsa?

Dan_Funtuwa:
Salam jama'a. Dan Allah akwai wanda ya taɓa bibiyar tarihin wani nasa da ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba? Kakana ne na wajen uba, an ɗauke shi soja lokacin yaƙin Hitila yana sabon aure, ya bar kakarmu da ciki, shikenan ba a sake ganinsa ba sai dai saƙon rasuwa da ya zo ta gidan hakimi. Babanmu a hannun ƙanin mahaifin nasa ya tashi don shi ya auri kakar tamu daga baya, har ya yi wayo yana ɗauka shi ya haife shi. Yanzu duk sun rasu, Allah ya jiƙansu. Hoto babu, takarda babu, abin da ya rage wata lamba ce mai siffar tauraro da muka samu a ƙasan adakar Hajiya kakar tamu naɗe cikin tsumma, ƙyallen jikinta duk ya koɗe. Ƴata ce ta tambaye ni sunan kakan kakanta na kasa wuce mutum biyu, abin ya tsaya min a rai wallahi.

Malam_Tarihi:
Wa alaikumus salam. Lambar nan in kusurwa shida gare ta kuma tsakiyar ƙyallen ja ne to ita ce Burma Star, lambar yabon yaƙin Bama, sai dai kar ka wahal da kanka neman suna a bayanta, Turawan Ingila ba su buga suna a jikinsu ba. Sojojinmu na RWAFF, wato rundunar Afirka ta Yamma ta Turawan Ingila, runduna biyu suka je can, ta 81 da ta 82, duk a 1943 aka kafa su. Ta 81 ita ta shiga kwarin kogin Kaladan, ta 82 ta bi ta Arakan, suka haɗu wajen kama Myohaung a Janairun 1945. Akwai kuma bataliyoyi uku na Najeriya da suka yi aiki da Chindit, wato dakarun musamman na Ingila a dajin Bama, a 1944, shi ya sa ka ga barikin Chindit a Zariya da barikin Dalet a Kaduna, duk daga can sunayen suka samo asali.

Ka shiga shafin Commonwealth War Graves Commission, hukumar da ke kula da kaburburan sojojin yaƙin, a intanet, kyauta ne, ka sa sunansa. Amma fa ka sani yadda aka rubuta mutanenmu a lokacin suna ne da gari kawai, wane Kano, wane Katsina, wane Sakkwato, ba ruwan akawun da sunan uba, wani ma garin da aka ɗauke shi za a liƙa masa ba garinsu ba, ga kuma rubutun Bature da zai juya sunan yadda kunnensa ya ji. Sai ka tarar da mutum da yawa suna ɗaya, lambar soja ce kaɗai ke raba su, wadda ke farawa da NA. In ba a samu gawarsa ba sunansa zai fito a bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon na Bama, wajen suna 27,000 ne a jiki. Wasu kuma an binne su a Chittagong ta Bangladesh. Kuma ba lallai harsashi ne ya kashe shi ba, zazzaɓin cizon sauro da atuni sun ci mutane sosai a dajin nan.

Maman_Ilham:
Ɗan'uwa ni shawarata ka ajiye waya tukuna ka nemi tsofaffin mata na danginku. Maza sai su ce maka "ai ya mutu a yaƙi" su yi shiru, amma tsohuwa za ta gaya maka laƙabinsa, kalar fatarsa, zanen fuskarsa, wa suka tafi tare, har waƙar da aka yi masa ranar biki in ta tuna. Ni haka na san labarin yayar kakata da ta rasu wajen haihuwar fari, ina taya Inna ɓarar gyaɗa ta dinga zuba ba tare da na tambaya ba. Kar ka je da biro da takarda kamar ɗan jarida, tsorata za su yi ko su ɗauka maganar gado ce ta kawo ka. Ka kai goro da turare ka kwana, ka kunna rikodin a waya ka ajiye gefe bayan ka nemi izini.

Abu_Sadiq:
Ni dai ban ga abin da wannan zai ƙara masa ba. Mutumin da ya shekara tamanin a kabari addu'a yake buƙata da sadaka. Kuma ka yi hattara, tone-tone irin wannan shi ke tayar da rigimar gona tsakanin ƴan'uwa, musamman da ka ce ƙaninsa ne ya riƙe gidan.

Maman_Ilham:
Haba Abu_Sadiq, sanin nasaba ai shi ke riƙe zumunci, kuma addu'ar ma ta fi daɗi in ka san wanda kake yi wa. Maganar gona kam ka yi gaskiya, sai ya bi a hankali.

Dan_Funtuwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gona ba ta gabana ko kaɗan, tuni aka raba aka sayar. Akwai autarsu kakan tana raye a ƙauye, ido ya tafi amma hankalinta garau, zan je ranar Asabar in Allah ya kai mu. Malam na duba shafin yanzu, mutum fiye da ɗaya ne suka fito da sunansa da Katsina a gaba, ɗaya 1944 ɗaya 1945 har da wanda ya rasu tun 1941. Yaya zan yi in ware?

Malam_Tarihi:
Na 1941 cire shi, lokacin mutanenmu ba su je Bama ba, yaƙin Habasha da Somaliya ake da Italiya. Sauran kuma ka tambayi tsohuwar wane lokaci saƙon ya iso, damina ko rani, babanku yana goye ko ya fara tafiya, sannan ka gwada da ranar da aka rubuta. In cikin waɗanda suka tafi tare akwai wanda ya dawo, je gidansu ka roƙi jikokin su duba maka littafin sallamarsa, bataliya na rubuce a ciki.