Ina rubuta wa Goggo tallan tsaraba, amma kullum sai na kwafsa

'Yar Misfala:

Assalamu alaikum. A Makka aka haife ni, a nan Misfala muke zaune. Goggona ta fi shekara ashirin tana harkar tsarabar alhazai: dabino, turaren wuta, darduma, abaya. Da can da baki take tallarta, mata su zo har gida su baje a kan kafet a yi ciniki ana shan shayi. Yanzu rabin masu sayenta suna Kano da Kaduna, sai ta WhatsApp. Ta miƙo min waya ta ce, "Ke da kika yi makaranta, rubuta." Ni kuwa makarantar tawa da Larabci na yi ta.

Wata huɗu ke nan ina abin kunya. Tallata ta farko layi goma sha ɗaya ce: sallama, salati, addu'a ga iyaye, sai can ƙasa "kaya masu kyau da inganci a farashi mai rahusa". Sama da mutum ɗari biyu suka gani, biyu suka tanka, ɗayar ma cewa ta yi in gaishe mata da Goggo. Ta biyu na rubuta "abaya 60", ina nufin riyal. Wata Hajiya a Kaduna ta ɗauka naira dubu 60 ne, ta ce mun cika tsada, ta kuma gaya wa ƙawayenta.

Wadda ta fi ƙona min rai ita ce ta dabinon sukkari. Na rubuta "mai laushi, yana narkewa a baki", kuma wallahi haka yake. Abin da ban faɗa ba shi ne ɗanye ne, wanda muke kira ruɗab, ba ya zama sai a firji. Wata baiwar Allah ta sayi kwali uku, aka ba wata mai komawa daga Umra, ya yi kwana biyu a jaka, ya isa Kano ya tarar ba wuta. Ya yi tsami. Goggo ta mayar da kuɗin, ta yi kwana biyu ko kallona ba ta yi.

To, yaya ake koyon rubutun tallan nan? Na ga masu sayar da kwas a intanet, in biya ko in haƙura?

Baba Mai Kanti, Jidda:

Wa alaikumus salam, 'yata. Riƙe kuɗinki tukuna. Malamarki tana ɗaki ɗaya da ke. Gobe in mai saye ta zo, ki zauna gefe da takarda ki rubuta duk abin da ta tambayi goggonki. Na yi shekaru a kasuwar Balad ina sayar da yadi, tambayar ba ta wuce nawa ne, wane iri ne, zai kai gida lafiya? Ba a taɓa tambayata ko kayana masu inganci ne ba, don wa zai ce nasa ba su da kyau? Abin da aka tambaya shi za ki amsa kafin a tambaya. Addu'a kuwa ki yi wa iyaye bayan salla, ba a kan kwalin dabino ba.

Maman Hanan, Riyad:

'Yar'uwa, na yi dariya har da hawaye a kan 60 ɗin nan, don ni ma na sha irinta. Shekara uku ke nan ina rubuta wa masu kantin turare talla. A farkona ina ta zuba "tausil" da "shahan" da "khalas" a rubutu, ban san mutanen gida ba sa gane Hausarmu ta nan ba, sai da wata ta tambaye ni ko tausil sunan turare ne. Yanzu kafin in saki komai sai na karanta shi da ƙarfi kamar ina yi wa yayata ta Zariya magana a waya. Duk kalmar da za ta ce min "me?" sai in cire.

Batun farashi, riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 tun 1986, naira ce ba ta zama wuri ɗaya. Ki sa riyal da sunansa, in za ki sa naira ki ce "canjin yau". Sannan layin farko shi ne komai, mai duba status da babban yatsa take wucewa, ba za ta jira ki gama gaisuwa ba. Kaya ɗaya a talla ɗaya. Tunda status awa 24 yake yi, yau ki fara da farashi, jibi ki fara da amfanin kayan, hoto ɗaya, lokaci ɗaya, ki ƙirga waɗanda suka yi magana, ba waɗanda suka gani ba. Ni littafi na ke da shi na wannan lissafin, ya fi min duk wani kwas da na taɓa leƙawa.

Wani abu kuma: in hannunki ya faɗa har wani kanti ya ce ki tallata masa a shafinki na Snapchat a biya ki, ki yi hattara. Tun 2022 sai da lasisin talla na gwamnatin Saudiyya da ake kira Mawthooq, riyal 15,000 na shekara uku, kuma ga wanda ba ɗan ƙasa ba sharuɗɗan sun fi tsauri.

Ɗalibi a Madina:

Malama, ni tallan dabinon ajwa ne damuwata. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim: wanda ya ci guda bakwai da safe, guba da sihiri ba za su cutar da shi ba a ranar. Ki tsaya nan. Ina ganin masu talla suna ƙara cewa tana maganin hawan jini da ciwon suga, har da rashin haihuwa, duk su jingina wa Annabi (SAW). Kuma safawi ma baƙi ne, amma ya fi tsawo, ajwa ƙarama ce mai ɗan zagaye. Wanda kike da shi, shi za ki kira.

'Yar Misfala:

Na gode ƙwarai, Baba na bi maganarka. Jiya na zauna da takarda, mata uku suka zo, dukkansu sai da suka ce "zai kai Kano?" Ga abin da na saka da daddare:

"Mai kai wa gida tsaraba: sukkari busasshe na Ƙasim, ba ya buƙatar firji. Kilo ɗaya riyal 25. Akwai ɗanye, ya fi daɗi, amma na masu ci a nan ne, kada a sa shi a jaka. Mai tafiya Kano za ta tashi Alhamis, a yi magana kafin Laraba da la'asar."

Mutum tara suka yi magana, huɗu sun biya. Sai dai na manta ban sa kuɗin ɗauko ba, tun asuba nake amsa wannan tambayar ɗaya bayan ɗaya. Goggo ta karɓi wayar ta sa na karanta mata sau biyu, ta ce, "To, saura darduma."