git send-email ya ƙi aiki duk da na saka git-email

Salam jama'a, wannan abu ya ishe ni wallahi. Ina so in tura faci uku (gyare-gyaren da na yi wa lambar manhaja) ta imel da git, manhajar bin sawun canje-canje, ga mai kula da wani aiki, umarnin git format-patch ya fitar min da fayilolin facin 0001 zuwa 0003 lafiya lau, wajen turawa ne aka tsaya.

Da farko na rubuta git-send-email da karan tsakiya yadda na gani a tsofaffin bayanai, sai command not found, ashe tun sigar git 1.6.0 ta 2008 aka cire irin waɗannan sunaye daga PATH, jerin wuraren da na'ura ke neman umarni. Na koma git send-email, shi kuma ya ce:

fatal: git was built without support for git-send-email (NO_PERL=YesPlease)

Wato an haɗa git ɗin ba tare da yaren Perl ba, wanda send-email ke buƙata. To na saka kunshin git-email da apt, manhajar saka kunshi, ga fayil ɗin git-send-email nan zaune a /usr/lib/git-core ina ganinsa da idona, amma saƙon bai canza ba. which git yana nuna /usr/local/bin/git, wanda aka haɗa da hannu a na'urar tun kafin a ba ni ita, kuma git --exec-path yana kai ni /usr/local/libexec/git-core.

In na juya GIT_EXEC_PATH, saitin da ke nuna wa git inda zai nemi umarninsa, zuwa /usr/lib/git-core zai yi ba tare da sigogin biyu sun cakuɗe ba, ko dole sai na sake haɗa git ɗin da Perl? Na gode.