Neman kalmar Hausa: intabiyu na neman aiki, kafin gobe da safe

'Yar Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Gobe da ƙarfe goma na safe zan ɗauki shirin matasa a rediyo, wannan makon a kan neman aiki ne. Abin da ya tsaya mini shi ne intabiyu. Ba irin na 'yan jarida ba, wanda ake kiran mai neman aiki ya zauna gaban kwamiti su yi ta jero masa tambayoyi. Shugaban sashenmu ba ya son jin intabiyu a iska. In kuma na ce hira, shirin kansa hira ne, sai in ɓige da cewa "a hirarmu ta yau za mu yi hira a kan hira". Na biyu, wanda ya bar aikin da ya karanta ya koma wani daban, kamar malamin makaranta ya koma harkar kwamfuta, yaya za a faɗe shi a taƙaice? Don Allah kafin Isha, da daddare zan rubuta.

Ɗan Panteka:
Wa alaikumus salam Anti. Titsiye. An gama. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin nan da aron kwat ya san titsiye ne.

Maman Ilham:
Kai dai ba ka rabo da wasa. Titsiye ai na wanda ake tuhuma ne. Ki ce ganawa, ko ganawar neman aiki.

Bakano a Kawo:
Tantancewa ta riga ta zauna a kunnen mutane. Kullum labarai na cewa majalisar dattawa ta tantance ministoci, me ake yi a can in ba tambayoyi ba? Kuma tana juyuwa a baki: an tantance ni, za a tantance su, ban tsallake tantancewa ba. Gwada haka da ganawa ki ji. "An gana da ni" bai nuna aiki nake nema ba, surukaina ma suna iya ganawa da ni.

Ustaz Rigasa:
Larabawa muƙabala suke cewa, kuma kalmar ta daɗe a Hausa. Asalinta fuskantar juna ne, wanda shi ne ainihin abin da ake yi. Ban ga dalilin wahala ba.

Ɗan Panteka:
Ustaz, in Anti ta sanar cewa gobe akwai muƙabala a rediyo, wallahi rabin Rigasa za su kunna suna jiran a buɗe littattafai a ga malamin da za a kayar.

Ustaz Rigasa:
Wannan kuma ƙuntata ma'ana ne da mutane suka yi, ba laifin kalmar ba ne.

Tsohon Hedimasta:
'Yata, ki yi haƙuri na shigo a makare, sai da na dawo daga masallaci jikana ya nuna mini. Duk abin da aka kawo babu wanda ya kama bakin zaren. Me ake yi a ɗakin? Auna mutum ake yi. Daga auna muka sami awo: awon hatsi, awon fili, awon nauyi. To wannan awon cancanta ne. Kalma biyu, babu aro ko ɗaya. Ni na ƙirƙiro ta a 2017, lokacin da gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, aka ce sama da 21,000 cikin kusan 33,000 ba su ci ba, aka shiga ɗaukar sababbi. Yaran da na koyar suka riƙa zuwa gida ina shirya su, awon cancanta nake ce musu, kuma babu wanda ya taɓa tambayata me nake nufi. Ga shi tana haihuwa: 'yan kwamiti su ne masu awo, inda ake zama ɗakin awo, ranar da aka sa ranar awo. Wace kalma cikin naku za ta ba ku wannan?

Maman Ilham:
Baba, Allah ya ƙara girma. Amma ranar awo fa? Ɗakin awo? In budurwa ta ɗauki jaka ta ce wa mahaifiyarta ta tafi awo, ai sai an yayyafa wa tsohuwa ruwa.

Ɗan Panteka:
Innalillahi. Maman Ilham kin gama da ni. "Ya awon?" "Alhamdu lillahi, sun ce in dawo bayan wata ɗaya."

Tsohon Hedimasta:
Ku yi ta dariya. Awon ciki jiya-jiya ya zo, awo ya girme shi da ɗaruruwan shekaru. Kuma ban ce awo kawai ba, awon cancanta na ce. Kalmar ci ma'ana nawa gare ta? Cin abinci, cin jarrabawa, cin amana, cin kasuwa, wa ya taɓa ruɗewa? Matsalar ita ce yaran yanzu ba su son wahalar ƙirƙira. Da haka magabata suka yi da ba mu sami jirgin sama ba, da ba mu sami Majalisar Ɗinkin Duniya ba. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya tana sa wa baƙin abubuwa suna, a 1955 aka kafa Hukumar Hausa don wannan aiki. Mu a Zazzau muka ga yadda ake yi, ba labari aka ba mu ba.

Bakano a Kawo:
Malam, da girmamawa, Zariya ta buga jarida amma daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta, wannan ba a jayayya a kai. Kuma in ana maganar ƙirƙirar kalmomi a yau, Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya tana Jami'ar Bayero. Kaduna kuwa, Allah ya ba ku haƙuri, Hausar bariki ce, kowa da irin tasa.

Ɗan Panteka:
To ka tattara ka koma Kano mana, tashar Kawo ai kusa da kai take. Hausar barikin nan ita aka riƙa ji a Rediyon Kaduna tun 1962 har Nijar da Kamaru, kakanninka da ita suka san labarin duniya.

Ustaz Rigasa:
Abin da ke ba ni mamaki, in kalma ta Turanci ce sai a ce ta zauna, in ta Larabci ce sai a ce za ta ruɗa mutane. Jarrabawa daga ina ta zo? Jami'a fa? Albashi kuke nema amma ko lada da daraja ba ku san inda suka fito ba.

Bakano a Kawo:
Babu wanda ya ƙi Larabci, Ustaz. Jarrabawa ta shigo ba ta tarar da kowa a kujerar ba. Muƙabala ta riga ta sami aiki a Hausa, kai kake son a yi mata canjin wurin aiki.

Ɗan Panteka:
Ni tambaya ɗaya gare ni ga Baba, kuma a gafarce ni. Babu aro, babu aro, to Hedimasta da ke jikin sunanku Hausar wane gari ce?

Tsohon Hedimasta:
Jikana ne ya buɗe mini shafin. Shugaban makaranta nake, kuma ka iya bakinka, na tabbata na koyar da sa'annin mahaifinka.

Ɗan Panteka:
Tuba nake Baba.

'Yar Unguwar Rimi:
Jama'a don girman Allah, an kusa kiran Isha kuma takardata fara ce fat. Kano da Zariya a bari sai wani makon, zan ma iya yin shiri a kai. Maman Ilham, na san kina zama a kwamitin ɗaukar malamai a makarantarku. A wurinku me kuke cewa?

Maman Ilham:
Tsakaninmu a ofis intabiyu muke cewa, ba zan ɓoye miki ba. Amma ga abin da ya sa ban yarda da tantancewa ba, kuma ina ganin masu sauraronki za su amfana in kin raba musu. Abu uku ne, mutane ke cure su wuri ɗaya.

Da farko ana duba takardu: sakamakon sakandare, shaidar digiri ko difloma, takardar hidimar ƙasa, takardar haihuwa, wani wurin har ta ƙaramar hukuma. A nan ake kama wanda sunansa ya bambanta a takardu biyu, ko shekarar haihuwa ta ƙi daidaita. Wannan ita ce tantancewa, kuma ana iya yinta mai takardun yana gida yana barci. Sai jarrabawa, a takarda ko a kwamfuta, musamman in masu nema sun yi yawa. Wanda ya tsallake waɗannan shi ake kira ya zo a gan shi, ko a ofis ko ta Zoom.

A zama na ukun ba iliminsa muke nema ba, takarda ta riga ta faɗa mana. So muke mu ji ko zai iya bayanin abin da ya rubuta a si-bi ɗinsa, wato takardar tarihin karatunsa da ayyukansa, don da yawa a shagon kwamfuta aka rubuta musu, sai ka tambayi mutum abin da ke layi na uku ya tsaya yana kallon silin. Muna tambaya me ya sa ya bar inda yake, kuma wanda ya fara zagin tsohon maigidansa ya gama da kansa. In malami ne mu ba shi alli ya koyar da mu minti goma. Sai maganar albashi, inda yaranmu suka fi faɗuwa: kunya ta sa su ce "duk abin da kuka bayar", alhali so ake a ji ya san darajar aikinsa. A ƙarshe mu ce ko yana da tambaya, kuma ya kamata ya kasance da ita. Ka ga kenan shi ma yana auna mu. Shi ya sa na fi son ganawa, don mutum biyu ke ganawa. Tantancewa da awo duka gefe ɗaya ke yi wa ɗayan.

Bakano a Kawo:
Na karɓi rabewar, amma matsalar juyuwar kalmar a baki tana nan. Ana cewa na ci intabiyu, na faɗi intabiyu. Na ci ganawa? Kunne bai ɗauka ba.

Maman Ilham:
Ba dole sai an ci ba. An kira ni ganawa, na yi ganawa, an ɗauke ni ko ba a ɗauke ni ba. Da ma ba maki ake faɗa maka ba.

Ustaz Rigasa:
To ganawar neman aiki ko ganawar ɗaukar aiki? Ba ɗaya ba ne.

'Yar Unguwar Rimi:
Masu saurarona su ne masu nema, don haka ta neman aiki. In baƙuwata ta ce ta ɗaukar ma'aikata ba zan gyara mata ba. Tambayata ta biyu fa? Kowa ya tsallake ta.

Bakano a Kawo:
Sauya sheƙa.

Ɗan Panteka:
'Yan siyasa sun cinye wannan. Za a ɗauka malamin ya koma wata jam'iyya ne. Mu a Panteka canza layi muke cewa. Akwai masu digiri da ke koyon walda da haɗa sola a nan, in ka tambaye su sai su ce sun canza layi.

Baba Kakuri:
Salamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu, wannan ta biyun ce ta taɓa ni. Ni tsohon ma'aikacin masaƙa ne. Lokacinmu ba wani zama gaban kwamiti ga irinmu, bakin get ake zuwa da sassafe, foman ya fito ya zaɓa, sauran su dawo gobe. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL ta rufe a 2007, unguwa guda ta wayi gari babu aiki. Wani ya koma acaɓa, wani gadi, wani ya koma gona a ƙauyensu, ni ɗinki na koya da furfurata. Babu wanda ya ce ya canza layi, cewa muke yi mun koma kaza. Canza layi na wanda ya zaɓa ne. 'Yata, in za ki yi maganar a rediyo ki tuna da waɗanda ba su zaɓa ba, suna da yawa a Kakuri da Makera kuma suna jin rediyo.

'Yar Unguwar Rimi:
Na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Zan sa wannan a buɗewar kashi na biyu.

Tsohon Hedimasta:
Sauya sana'a ita ce Hausa. Canza aro ce, layi aro ce.

Maman Ilham:
Baba, sai dai Bahaushe yana raba aiki da sana'a. Ma'aikacin banki da ya koma koyarwa ba zai ce ya sauya sana'a ba, daga aikin albashi ya koma aikin albashi. Sauya fanni zai fi dacewa da shi.

Ustaz Rigasa:
Fanni dai. Larabci. Na gode.

'Yar Unguwar Rimi:
To ga abin da na rubuta. A farkon shiri zan ce "ganawar neman aiki, wadda aka fi sani da intabiyu", sau ɗaya tak, in shugabana ya yanke wannan a wurin tacewa ruwansa. Daga nan ganawa kawai. Duba takardu zan kira shi tantancewa, kamar yadda Maman Ilham ta raba. Na biyun ban tsayar da ɗaya ba: sauya sana'a ga wanda ya koma aikin hannu ko kasuwa, sauya fanni ga 'yan ofis, in masu kira sun ce canza layi ba zan hana su ba. Baba Hedimasta, zan ambaci awon cancanta a matsayin shawarar wani dattijo, mu ji abin da masu sauraro za su ce.

Bakano a Kawo:
Ganawar neman aiki ta yi tsawo, wata shida ba za ta yi ba za a koma intabiyu. Amma don gobe ta wadatar.

Tsohon Hedimasta:
Ban gamsu ba. Ganawa shugabannin ƙasa ke yi a bayan labule. Amma shirinki ne. In za ki faɗi tawa ki faɗe ta cikakkiya, awon cancanta, kada ki tsaya a awo waɗannan yaran su sami abin dariya. Kuma ki turo mini lambar da ake kira.

Ɗan Panteka:
Anti kada ki ba shi lambar, wallahi shirin zai ƙare ba a zo kan albashi ba. Si-bi fa, me za ki ce?

'Yar Unguwar Rimi:
Si-bi zan ce. Kada wanda ya sake buɗe mini wata ƙofa a daren nan.