Taƙaitawar hirarmu kan ɗaukar bayanan ɗalibai a Sakkwato

Jama'a ga abin da na tattaro:

1. Kusan kowa ya yarda a rubuta kowane yaro, har almajirai da 'ya'yan Fulani na ruga, don wanda ba ya cikin rajista ba a lissafa shi ranar rabon benci da littattafai.

2. An fi daɗewa kan masu lalura, kurame da makafi, da yarinyar da ke zama baya alhali ba ta ganin allo kuma ba wanda ya taɓa tambayarta. Wannan ya taɓa ni wallahi.

3. Tambayar ƙabila da addini nan aka rabu, wasu na tsoron wariya, wasu sun ce a bar iyaye su zaɓa.

4. A yi wa yara NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) da wuri, tunda JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, na nema tun 2021.

5. Hedimasta ya kulle fayil ɗin bayanan yaran, kar ya yi yawo a WhatsApp.