Buhu 150 a wuyan yaro ɗaya: dako ne ko bauta?

Ɗan Gidan Tela: Salamu alaikum jama'ar zaure. Daga barandar asibiti nake rubuta wannan, yau kwana uku rabona da barcin kirki. Ƙanena mai bi mini, shekararsa 22, dako yake yi a ɗaya daga cikin kasuwannin Kano. Ranar Litinin tirelar siminti ta iso da buhu 600. Su takwas suka saba saukewa, amma ranar mutum huɗu ne kawai suka fito. Mai kayan ya ce shi ba zai biya direba kuɗin kwana ba, ko su sauke kafin la'asar ko ya kira wasu. Ku yi lissafin da kanku. Buhu 150 kowannensu, kowane buhu kilo 50. Kilo 7,500 ke nan ya bi ta wuyan yaro ɗaya, cikin zafin watan Afrilu, a kan koko da ƙosai da ledar ruwa uku.

Da ya dawo da daddare ya kasa tsugunawa ya yi alwala, cinyoyinsa sun sandare kamar itace. Washegari fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, shi ma ɗan tsiyaye. Innarmu ta ce ciwon shawara ne, aka jiƙa masa sassaƙe. Sai da ƙafafunsa suka fara kumbura muka kawo shi. Likita ya ce ƙodarsa ta taɓu, in ba ta farfaɗo da ƙarin ruwa ba sai an kai ga wankin ƙoda. Mai kayan ko leƙe bai yi ba. Abin da nake so in faɗa shi ne ƙarfin ɗan Adam yana da iyaka, kuma ba a halicce shi don irin wannan lodin ba. Abin da ake yi wa 'yan dako a kasuwanninmu bauta ce, ko da an biya su.

Hajiya Mai Abinci: Innalillahi. Allah ya ba shi lafiya, ɗana. Allah ya sa kaffara ce. Ka gaishe da Innarku.

Jikan Sarkin Dako: Allah ya ba shi lafiya. Amma ɗan'uwa ka janye kalmar bauta. Mahaifina shekara 30 yana dako a Dawanau, inda buhun gero da na masara ke kai kilo 100, ba wannan ɗan buhun siminti ba. Da gammonsa ya aurar da mu tara, ya sauke farali. Yau ka zo ka ce masa bawa?

Ɗan Gidan Tela: Yaya, ban ce mahaifinka bawa ba ne. Yadda ake sa su aikin nake magana a kai.

Jikan Sarkin Dako: Wanda yake yin bauta mene ne sunansa? Hausa ce, ba sai an kira mai fassara ba.

Alhaji Mai Shago: Ni abin da ban gane ba, an ɗaure shi da igiya ne? An yi jinga, ya amince, an biya shi. Bawa ana yin ciniki da shi? Kullum ɗan kasuwa ne mugu a bakinku. Ba ku san in mota ta kwana da kaya nawa ake caje mu ba, ga haraji, ga kuɗin ƙungiya, ga na masu tsaro. Da ya ce ba zai iya ba, akwai yara goma a bakin ƙofa suna jira.

Ɗan Gidan Tela: Alhaji, ai ka faɗi maganata da bakinka. Wanda ya san akwai goma suna jira a bakin ƙofa, ta ina zai ce ba zai iya ba? Gobe wa zai kira shi?

Nas ta Unguwa: Don Allah ku bar ni in ce wani abu kan ciwon kansa, domin zai iya samun ɗan kowa. In aka gallaza wa tsoka aiki fiye da abin da za ta ɗauka, musamman cikin zafi da ƙarancin ruwa a jiki, naman tsokar yana farfashewa. Abin da ke cikinsa sai ya kwarara cikin jini, ya je ya toshe ƙananan hanyoyin da ƙoda ke tace jini da su. Shi ne baƙin fitsarin nan. Alamominsa uku: ciwon tsoka mai tsanani da ya wuce gajiyar da aka saba, rashin ƙarfi, da fitsari kalar shayi ko kalar Coke. Duk wanda ya ga haka ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiƙo. Abin da ke ƙara ɓata lamarin shi ne yaro ya dawo jikinsa na ciwo, ya biya kemis ya sayi diclofenac ko ibuprofen ya haɗiya biyu-biyu. Waɗannan magungunan suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, ga shi dama jikin a bushe yake. Ana samun wannan ciwon har a wurin sojoji masu atisaye da 'yan gudun dogon zango, ba 'yan dako kaɗai ba. In an zo da wuri, da yawa ƙodarsu tana dawowa daidai.

Malam Na Bakin Masallaci: Allah ya saka da alheri, Anti. Ni dai gyarana a kan lafazi ne. Bauta ta Allah ce shi kaɗai. Bai kamata musulmi ya riƙa jingina ta ga wani mahaluki ba. A ce zalunci, ko a ce ci da gumi.

Ɗalibin Hausa: Gafarta Malam, da girmamawa, wannan ba haka yake ba. Bauta a Hausa tana da fuska biyu, akwai ta ibada, akwai ta bayi. In ba haka ba me za mu kira abin da aka yi a zamanin cinikin bayi? Har mace ma tana cewa tana bautar aure, matasa kuma suna zuwa bautar ƙasa bayan sun gama jami'a. Duk shirka suke yi?

Malam Na Bakin Masallaci: Yaro, ban ce shirka ba. Kada ka sa mini magana a baki. Karatun boko na shekara huɗu bai isa ya sa ka gyara wa wanda ya haife ka Hausa ba.

Ɗalibin Hausa: Allah ya huci zuciyarka, Malam. Amma maganar tana nan yadda na faɗa.

Mai Ɗaga Ƙarfe: Ni ban yarda da maganar iyaka ba ma tun farko. Jiki horo ne. A 2016 wani Bature ɗan Ingila, Eddie Hall, ya ɗaga kilo 500 daga ƙasa. Rabin tan! A 2020 Hafthor Bjornsson na ƙasar Iceland ya ɗaga 501. Ku kuna nan kuna kuka a kan buhun kilo 50. Yaran yanzu ne ba su da ƙashi, indomi ta gama da su.

Nas ta Unguwa: Ƙanena, ka kalli bidiyon ɗagawar Eddie Hall ɗin har ƙarshe kuwa? Yana ajiye ƙarfen ya durƙushe a wurin, jini na fita ta hancinsa, mutane suka yi kansa. Mutumin da ya yi shekaru yana shirin wannan ɗagawa ɗaya tak, ta daƙiƙu kaɗan, da likitoci a gefensa. Yaron nan sau 150 ya ɗauka, ya yi tafiya da shi, ya sauke, ya dawo. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1967 ta ba da shawarar kada babban namiji ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai. Buhun hatsinmu ya kusa ninka wannan.

Jikan Sarkin Dako: Turawa ne suka rubuta wa jikinsu. Mu da fura da tuwon dawa aka gina mu.

Nas ta Unguwa: Yaya, tsakaninka da Allah, mahaifinka yanzu yana iya miƙe bayansa? Ban tambaya don cin fuska ba. Ka zo ɗakin tiyata ranar da ake aikin gwaiwa ka ga su waye a kan layi. Ka duba tsofaffin 'yan dako ka ga wuyansu da gwiwoyinsu.

Jikan Sarkin Dako: Ki bar mahaifina a inda yake. Tsufa ne, kowa zai yi shi. Kuma gwaiwa gado ce, a danginmu babu mai ita.

Ɗan Dosso: Gaskiya ku mutanen birni kun lalace. Ku zo Nijar lokacin kokawar takobi ku ga maza. Issaka Issaka namu na Dosso sau nawa ya ɗauki takobi? An taɓa jin ya kwanta don ya ɗaga ƙato?

Bakano Na Asali: To ga shi nan, an fara. Wa ya kawo maganar Nijar? In ƙarfi ne da ku haka, me ya sa da yawa daga cikin 'yan ga-ruwa da 'yan dakon Kano daga wajenku suke zuwa ci-rani? Mu muke ba ku aikin.

Ɗan Dosso: Kun ba mu aikin ne don ba za ku iya ba. Kai ka taɓa tura kura mai jarka 12 daga famfo zuwa cikin lungu? Zo ka gwada rana ɗaya.

Bakano Na Asali: Allah ya kiyaye. Kano cibiyar kasuwanci ce, da kai muke aiki.

Hajiya Mai Abinci: Kai 'ya'yan nan, yaro na kwance ana ƙara masa ruwa kuna faɗan gari. Ni a bakin kasuwa nake sayar da abinci shekara da shekaru, ina ganinsu. Za su zo da hantsi idonsu ja, fuskarsu fari fat da ƙurar siminti, su ce Hajiya a zuba garau-garau na rabin kuɗi. Wani hannunsa na rawa har cokali ba ya iya riƙewa. Wallahi wani lokacin nakan ƙara musu wake ba su sani ba.

Alhaji Mai Shago: Hajiya kin ce idonsu ja. To a faɗi gaskiya mana. Wane yaro ne zai sauke buhu 150 da koko a cikinsa? Tiramol suke sha, da gadagi. Su sha su daina jin jikinsu, in ƙoda ta lalace a ce laifin mai kaya ne. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, jami'an NDLEA kullum suna kama tiramol mai lamba 225, ina kuke zaton yake tafiya?

Ɗan Gidan Tela: Alhaji ka ji tsoron Allah. Ƙanena ko sigari bai taɓa sha ba. Ba ka san shi ba, ba ka taɓa ganinsa ba, ka yi masa shaidar ɗan ƙwaya a gaban mutum ɗari biyu.

Alhaji Mai Shago: Ban kama suna ba. Na ce suna sha.

Nas ta Unguwa: Wasu suna sha, wannan gaskiya ne, kuma haɗarinsa babba ne. Ciwo shi ne yadda jiki ke cewa ya isa haka. Ƙwayar ba ta ƙara wa tsoka ƙarfi ko kaɗan, muryar ciwon kawai take kashewa, sai mutum ya wuce inda ya kamata ya tsaya. In ta yi yawa har farfaɗiya take jawowa. Amma Alhaji, wanda ya sha don ya iya gama lodin mutum takwas su huɗu, wa ya ɗora masa lodin?

Direban Tirela: Kuma kada wani ya ce laifin direba ne. Mu ma kwana muke a hanya ba barci, mai mota yana kira kowace awa.

Malam Na Bakin Masallaci: Allah ya ce ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya, a ƙarshen Suratul Baƙara. Annabi (SAW) kuma ya gaya wa Abdullahi ɗan Amr ɗan Asi, da ya matsa wa kansa da azumi da tsayuwar dare, cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. In a ibada aka faɗi haka, ina ga siminti? Amma har yanzu ina nan a kan cewa a cire kalmar nan.

Ɗalibin Hausa: Malam, ai hadisin da ya ce kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in an ɗora a taya su, a kan bayi ya zo. Ashe ma bawa ya fi ɗan dakon yau gata.

Jikan Sarkin Dako: Kun ji ko? Yanzu kuma mun koma ƙasa da bayi. Admin, in ba za a tsawata ba ni zan fita daga zauren nan.

Admin: Jama'a ya isa haka. Bari in taƙaita abin da aka tattauna. Na ɗaya, kowa ya yarda dako sana'a ce mai daraja kuma kalmar bauta ba ta dace ba, muna roƙon ɗan'uwanmu ya janye ta. Na biyu, kamar yadda Anti Nas ta tabbatar, ƙwaya da maganin kemis su ne babban abin da ke lalata ƙodar matasa, don haka iyaye a sa ido. Na uku, ni ma ɗan kasuwa ne, na san babu mai kayan da yake tilasta wa kowa, jinga ce ake yi da yardar juna, kuma 'yan kasuwa suna ƙoƙari a wannan hali da ake ciki. Maganar Kano da Nijar a bar ta, duk ɗaya muke. An rufe wannan batu.

Nas ta Unguwa: Admin, ba haka na ce ba. Ka koma sama ka karanta.

Ɗan Gidan Tela: Ban janye ba. Yanzu aka fito da sakamakon gwajin jini na biyu, likita ya ce mu nemo kuɗin wanki na farko kafin gobe da safe. Anti, don Allah ki duba saƙon da na tura miki ta gefe, akwai abin da ban gane ba a takardar.