Asusun gwauraye: na masu katin mamba ne kaɗai?

Ma'aji: Ina nan a kan abin da na faɗa a taron dattawa, cewa asusun taimako na waɗanda sunansu ke cikin rajistar ikilisiyarmu ne, domin su ne suke ba da baiko da zakka kowace Lahadi. Masarar da aka tara ranar godiyar kaka ba ta ishi gwaurayenmu ba, balle a ƙara da na wasu ɗariku, waɗanda su ma suna da nasu dattawan da nasu asusun.

Shugabar Zumuntar Mata: Baba Ma'aji, ka yi mini haƙuri, amma gwauruwar da ake magana a kan taimaka mata, wadda ba ta da katin mambanmu, ba baƙuwa ba ce. Tun 2014, lokacin da Boko Haram ta mamaye Mubi da hedikwatar ɗarikar EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) a Kwarhi, ta sauka Gombe da marayu, kuma tun daga lokacin ita ce take fara ɗaukar tsintsiya ranar Asabar, tana ɗaura zanen zumuntarmu, tana zuwa mana zaman makoki har Billiri da Kaltungo. Abin da ya hana ta karɓar kati shi ne ba ta son a ce ta bar ikilisiyar da ta yi mata baftisma, kuma ban ga laifinta a nan ba.

Malamin Makarantar Lahadi: A sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni, masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wurin rabon abinci, manzanni kuma ba su nemi rajista ba, sai suka sa aka zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin.

Dattijo: Malam, waɗancan duk 'yan ikilisiya ɗaya ne, saboda haka misalinka bai kayar da hujjar Ma'aji ba. Sai dai ya taɓo abin da muke gudun faɗa. A cikinmu akwai Tangale da Waja da Tera da Dadiya, akwai masu sujadar Hausa da masu ta Turanci, kuma gunagunin da nake ji shi ne rabon yakan bi yaren wanda yake riƙe da makullin rumbu. Idan masu kati ma suna ganin ana fifita wasu, to, ba kati ne damuwarmu ba.

Ma'aji: Wannan zargi yana da nauyi, Baba, kuma littafin lissafi a buɗe yake ga duk mai son dubawa. Na yarda a riƙa ɗaukar baiko na musamman domin waɗanda ba mambobi ba.

Shugabar Zumuntar Mata: Ban yarda da kwano biyu ba, domin ranar rabo kowa zai gane wadda aka ba daga na baƙi. Ina roƙon a saka mata daga kowace sujada cikin masu rabon, a kuma kawo maganar gaban Fasto kafin Kirsimeti.