Ma'aikata sun manyanta, aikin kuma a hannunsu yake: me kuka ga yana yi?

Abu Mai Sito, Katsina:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masu gidajen burodi, injinan casa, gareji, shagunan ɗinki da motocin haya. Wuraren da aka buɗe shekara 20 ko 30 da suka wuce, waɗanda suka riƙe su yanzu duk sun haura hamsin. Ƙarfi ya ja baya, ido ya fara gardama, amma su suka san aikin, yaran da ake ɗauka kuma ba su zama. Sallamar dattijo da nauyi, barin shi a inda yake kuma da asara. Kowa ya faɗi abin da ya ga yana yi, da wanda ya ga yana ɓata lamari.

Mai Injin Casa:
Wa alaikumus salam, Malam Abu. Kafin a yi maganar sallama, a zauna a rarrabe aikin mutumin: wanne ne na ƙarfi, wanne ne na ido da kunne. A injin casa, ɗaukar buhun shanshera, juye shi a bakin inji da shanya aikin ƙarfi ne. Sanin ko shinkafa ta bushe, saita robobi, jin ƙarar boris kafin ya ci wuta, wannan shi ne abin da ake biyan dattijo dominsa. To a cire mashi dako gaba ɗaya, a kawo baro, a gina dandamali daidai tsayin bayan mota don buhu ya riƙa zamewa maimakon a ɗaga shi.

Sai maganar bushewa. Tsohon ma'aikaci haƙori yake sa wa ƙwaya ya gane. Na'urar awon laima kuma tana son kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari kafin a casa. In ta fi haka laima, ba ta fita da kyau kuma ba ta ajiyuwa. In ta bushe da yawa, karaya take yi, tsaki ya yi yawa. A haɗa su biyu: dattijo ya ciza ya faɗi hukuncinsa, yaro ya auna ya rubuta lamba a gefe. Buhu bayan buhu, sati biyu ko uku, yaron zai fara daidaita haƙorinsa da lambar.

Kuskuren da ake yi: a rage mashi aiki a rage albashi rana ɗaya. Daga ranar ya rufe baki, ba wanda zai ƙara koyon komai a wurinsa.

Ma'aikaciyar Jinya, Ƙofar Ƙaura:
Ku yi haƙuri, da yawa daga abin da kuke kira tsufa tabarau ne kawai. Daga shekara 40 zuwa sama ganin kusa yana raguwa ga kusan kowa. Tela ya kasa zura zare, akawu ya karanta 3 a matsayin 8, kanike ya ɗauko sifana 13 maimakon 12. Tabaran karatu daga +1.00 zuwa wajen +2.50 yakan warware wannan, amma a je a auna, kada a tsaya ga na kan tebur a kasuwa, don ido biyun ba lalle su zo ɗaya ba. A kuma ƙara haske a kan teburin aikin kansa, ba a tsakiyar silin ba. Idon ɗan sittin yana buƙatar haske ninkin na matashi.

Hawan jini: maigida ya sayi na'urar awo ta damtse ya ajiye a ofis. Mutum ya zauna minti biyar kafin a auna. In ya kai 140/90 ko sama a ranaku daban-daban, asibiti, ba jiƙo ba. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, aikin tanderu da na rana a mayar da shi bayan asuba zuwa ƙarfe sha ɗaya, musamman ga mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari. In azumi ya faɗo a lokacin, a ƙara kula.

Abu guda dai, Alhazai: in sakamakon awo ya taɓa zama dalilin korar mutum ɗaya, sauran ba za su ƙara miƙa hannu ba. Ɓoyewa za su yi har sai wani ya yanke jiki a gaban inji.

Oga Kanike, Daura:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai ban yarda cewa ilmin duk a wurin manya yake ba. A gareji an samu rabuwa. Manya sun ƙware a kabureta da saurare da kunne. Motocin da ke shigowa yanzu injekta ne da sensa, sai an jona kwamfuta ta fito da lamba. Yaro ya iya karanta lambar, amma zai ce a canza sensa alhali waya ce ɓera ya ci. Babba zai gano wayar, amma yana jin kunyar tambayar yaronsa yadda ake latsa na'urar a gaban mai mota. Maganin shi ne a riƙa yin wannan koyon da yamma bayan an tashi, ba gaban kwastoma ba, kuma a ce kowace mota mai matsalar wuta mutum biyu za su sa mata hannu.

Batun rubuta ilmi a littafi kuwa, a manta. Ba oga ɗaya da zai zauna ya rubuta. A kunna waya yana aiki yana bayani, a ajiye faifan da sunan motar da matsalar. Sannan a sa mashi wani abu a kan kowane yaro da ya kai yaye, a faɗa mashi adadin tun farko.

Akawu:
Dalilin da ya sa dattijo ke riƙe sirri kuma ba ya son tafiya, ranka ya daɗe, ba rowa ba ce, ba shi da inda zai faɗa. Ma'aikacin gwamnati ya san zai yi ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 na aiki, malamin makaranta 65 ko 40 bisa dokar 2022. Ma'aikacin gidan burodi bai san komai ba sai abin da maigida ya ga dama.

Dokar fansho ta 2014 ta ce mai ma'aikata 15 ko sama da haka wajibi ne ya shiga: kashi 10 cikin ɗari daga maigida, 8 daga ma'aikaci, a zuba a asusun ma'aikacin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Akwai kuma inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Ga masu sana'ar kansu da ƙananan wurare, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe tsarin ƙaramin fansho a 2019, ana zuba kaɗan-kaɗan. Raunin wurin aiki kuma na NSITF ne, asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashi, bisa dokar 2010.

Inda ake tuntuɓe: a cire kashi 8 ɗin a albashi a bar shi cikin jari da niyyar za a zuba daga baya. Bashi ne, kuma da tara a kansa. Na biyu, wanda ya kai 55 ba a taɓa zuba mashi ba, abin da zai taru cikin shekara biyar ba zai riƙe shi ba. Irin wannan sai a rubuta mashi giratuti: nawa a kan kowace shekarar aiki, a biya kashi nawa, da shaidu biyu. Dokar ƙwadago ta ce wanda ya yi shekara biyar ko fiye a ba shi sanarwar wata guda; wannan mafi ƙaranci ne, mutumin da ya yi shekara 25 ya kamata ya san ranarsa tun da shekara guda.

Hajiya Mai Ɗinki:
A ɗinki babba ta sauka daga keke ta koma yanka, awo da duba kaya kafin a ba mai su. Teburin yanka ya kai ƙugu, kujera mai jingina. Kuma kwastoma mutum suke bi, ba shago ba, don haka mai gadonta ta riƙa tsayawa a gefe ana awo, a ce "wannan ita za ta ɗinka maki". Kada a bari sai kayan Sallah sun taru a fara wannan.

Mai Motocin Haya:
Direba babba ya fi lallaɓa mota, taya da birki sun fi daɗewa a hannunsa. Dare ne matsalarsa: fitilar mai tahowa tana kashe mashi ido, musamman mai yanar ido. A ba shi lodin safe, Katsina zuwa Daura ko Kano ya dawo kafin magariba. A auna idonsa duk shekara, kada a jira sabunta lasin, don hawan jinin ido yana cin ganin gefe ba tare da ciwo ba.

Abu Mai Sito:
Allah ya saka. Malam Akawu, in maigidan ne da kansa ya manyanta fa, kuma littafin bashi a ƙwaƙwalwarsa yake?

Akawu:
Wannan ya fi duk na sama haɗari. Asusun da mutum ɗaya ke sa wa hannu, banki na samun labarin rasuwa zai tsayar da shi sai an kawo takardar kotu, albashin ma'aikata ya maƙale a ciki. A yi wa kasuwancin rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a buɗe asusu da sunan kamfanin, masu sa hannu biyu. Bashi kuma, wanda kuke bi da wanda ake bin ku, a zauna da maigida duk ƙarshen wata a rubuta suna, adadi da ranar alkawari, kwafi ɗaya a shago, ɗaya a gida. A fara da dillalan da ke ba da kaya a kan amana, su ne ba su da takarda ko ɗaya.